Yadda Ake Farfaɗo da Maleji da Agogunan Dashbod na Tsohuwar MGB

Masu riƙe da tsofaffin motoci sun yi ta aiko da tambaya iri ɗaya: maleji yana rawa, gejin fetur ya kwanta, na zafi ba ya motsi, da dare kuma ba a ganin ko lamba ɗaya, ta ina za a fara? Zan bi aikin daki-daki a kan MGB, ƙaramar motar nan mai kujera biyu da aka ƙera a Abingdon ta Ingila daga 1962 zuwa 1980. Agogunanta na kamfanin Smiths ne, na farko-farkon kuma Jaeger aka rubuta a fuskarsu. Danginsu ne a MG Midget da Triumph Spitfire da TR6, saboda haka mai ɗaya daga cikin waɗannan ma zai ci moriyar bayanin.

Kafin ka taɓa ko noti ɗaya, riƙe wannan: ba a buɗe agogo sai an tabbatar ciwon yana cikinsa. Sau da yawa agogon lafiyarsa ƙalau, waya ce ta yi tsatsa ko kebur ɗin da ke juya maleji daga giyabos ya bushe.

1. Haɗa kayan aiki

Kana buƙatar mita ta gwada wuta, fitilar gwaji ta volt 12, ƙananan sukundireba irin na masu gyaran agogo, sifanoni na ma'aunin inci domin notocin motar ba na milimita ba ne, filaya mai dogon baki, burushi mai taushi sosai, auduga, man agogo, giris mara kauri, farin fenti mara sheƙi, tef na takarda da biro. Ƙara da ƙananan cokulan shayi biyu, za ka ga amfaninsu nan gaba.

Wurin aiki ya zama ɗaki ne mai rufi, da tebur da aka shimfiɗa wa farin zane. A lokacin hunturu ka rufe tagogi. Ƙwayar ƙura ɗaya da ta maƙale bayan gilashi za ta riƙa tsone maka ido duk sanda ka zauna a bayan sitiyari.

2. San irin motar da ke gabanka

Leƙa bayan kujeru ka duba batir. Har zuwa 1974 batir biyu ne masu volt 6 aka jera, daga baya aka koma ɗaya mai volt 12. Abin da ya fi muhimmanci shi ne wane kai ne aka ɗaura a jikin ƙarfen motar. Motocin da suka fito kafin ƙarshen 1967, kan mai alamar tarawa ne ke jikin mota, akasin abin da riwaya na yau ya saba da shi. An sauya wa da yawa daga cikinsu tsari a tsawon shekaru, don haka kar ka dogara da shekarar motar, idonka ya gani.

Sai ka kwafe ƙananan rubuce-rubucen da ke fuskar kowane agogo. A kan maleji akwai lamba kamar 1280 ko 1000. Wannan ita ce yawan juyin da kebur zai yi a mil ɗaya, kuma dole ta dace da giyabos ɗin motar. A kan agogon juyin inji za ka ga RVI ko RVC, alamar irin tsarin lantarkin da ke cikinsa. Da waɗannan rubuce-rubucen ake sayen kowane kaya. Wanda ya sayi maleji don kamanninsa kawai zai iya ƙarewa da agogo mai kyau da ba zai taɓa faɗin gaskiya ba.

3. Gwada komai tun yana jikin mota

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci, domin abin da ka gano a nan shi zai yanke yawan aikin da ke gaba.

Turawan Ingila sun bi tsarin launi ɗaya a wayoyin waɗannan motoci, kuma saninsa rabin aiki ne. Ruwan ƙasa tana da wuta kullum, ko an kashe makulli, kuma ba ta bi ta fis ba. Fara tana samun wuta idan an kunna makulli. Koriya wutar makulli ce da ta bi ta fis. Baƙa ita ke komawa jikin mota. Koriya mai ratsin baƙi tana zuwa tankin fetur, mai ratsin shuɗi tana zuwa ma'aunin zafi idan na lantarki ne, ja mai ratsin fari kuma ta fitilun agoguna ce.

Fara da sitabilaiza. Wani ɗan akwatin ƙarfe ne a bayan dashbod, bai fi akwatin ashana ba, da baki biyu: B inda wuta ke shiga, I inda take fita zuwa geji. Aikinsa ya riƙe wutar gejin a kan matsakaicin volt 10. Na asalin yana yin haka ne ta hanyar kunnawa da kashewa, shi ya sa idan ka ɗora mita mai nuna lambobi a bakin I za ka ga tana tsalle tsakanin sifiri da 12. Mutane da yawa suna ganin haka su jefar da lafiyayyen abu. Sa fitilar gwaji: idan tana ƙyaftawa, yana aiki. Idan ta tsaya cak a kunne, duba haɗinsa da jikin mota kafin ka yanke masa hukunci, domin in haɗin ya yi tsatsa zai saki wutar batir gaba ɗaya, geji ya riƙa nuna fiye da gaskiya. A motar da gejin fetur da na zafi duka na lantarki ne, in ka ga sun yi sama tare ko ƙasa tare, kusan kullum shi ne mai laifi.

Gejin fetur: je wurin tanki, zare koriya mai ratsin baƙi, kunna makulli, ka haɗa ta da jikin mota na 'yan daƙiƙu, wani yana kallon allura. Idan ta fara hawa a hankali zuwa cike, geji da wayarsa lafiya, matsalar tana cikin tanki.

Gargaɗi: ƙara doguwar waya ka yi haɗin nesa da tanki, a fili mai iska. Da allura ta wuce rabi ka sake, domin akwai siririyar waya a cikin gejin da ke ɗumama, kuma tana iya ƙonewa.

Ma'aunin cikin tanki, idan ka ɗora masa mita, ya kamata ya nuna kusan om 20 a cike, ya haura 200 a wofi, kuma lambar ta riƙa sauyawa sumul yayin da kake ɗaga hannunsa. Jijjiga ƙwallon da ke yawo a kan fetur ɗin. In ka ji ruwa a ciki ya huje, shi ya sa geji ke kwance ko da tanki na cike. Zoben da ya riƙe shi a tanki, da katako ko tagulla ake bugunsa, kada a sa ƙarfen da zai yi tartsatsi, kuma sai fetur ya yi ƙasa da ramin.

Motocin farko-farko, waɗanda allurar fetur ɗinsu ke zabura nan take da an kunna makulli, ba su da sitabilaiza, kuma gwajinsu a juye yake: haɗa wayar da jikin mota yana kai allura wofi, zare ta yana kai ta cike.

Maleji: kwance kebur daga bayansa, ka tura motar gaba kaɗan, ka ga ko zaren ƙarfen ciki yana juyawa. Riƙe shi da yatsa biyu a hankali. Idan ya tsaya a hannunka alhali mota na tafiya, ya tsinke a ƙasa ko bakinsa ya cinye.

4. Cire batir, fitar da agoguna

Zare kan batir da ke haɗe da jikin mota tukuna. Kada ka tsallake wannan. Wayoyi masu ruwan ƙasa suna bayan dashbod ba fis a gabansu, sifana ɗaya ta gifta sai hayaƙi.

Ɗauki hoton bayan kowane agogo da wayarka, ka liƙa tef a kowace waya da sunanta. Kowane agogo ƙarfen riƙo ne ya danne shi ta baya da ƙananan notoci masu kaushi da ake kwancewa da yatsa. Fara da manyan biyun, ramin da suka bari shi zai ba hannunka hanya zuwa ƙananan. Baƙar wayar da ke ƙarƙashin notin, lura da inda take. A motocin da aka kai Amurka daga 1968, masu dashbod mai soso, wurin ya fi matsi, fitar da kujerar direba zai rage maka wahalar baya.

Wanda ke buƙatar haƙuri shi ne tagwayen geji, mai nuna ƙarfin baƙin mai a rabi ɗaya, zafin ruwa a ɗaya rabin. Ba lantarki yake amfani da shi ba. Ɓangaren zafin yana da siririn bututu da ya taso daga bayan gejin ya ratsa har kan inji, ya ƙare da ɗan kwano da ke nutse a ruwan inji, ciki cike da sinadarin da ake kira ether a rufe ruf. Ba a raba bututun da gejin. Bari inji ya huce, rage ruwan lagireto, zuba man warware tsatsa a notin da ya riƙe kwanon ka bar shi ya kwana. Lokacin kwancewa, tabbata notin ne kaɗai ke juyawa, kwanon da bututun suna tsaye. In suka juya tare, bututun zai murɗe ya tsage. Sai ka zaro shi a hankali ta ramin roban da ke tsakanin inji da ɗakin direba, ka naɗe shi da'ira mai faɗin tafin hannu.

Gargaɗi: lanƙwasa ɗaya mai kaifi ta isa ta kashe shi. In ka ji wani ƙamshi mai kaifi irin na asibiti, sinadarin ya fita, kuma yana kama wuta.

Bututun baƙin mai yana da 'yar ƙaramar washa a bakinsa inda ya haɗu da geji. Tana son faɗuwa ta ɓace. Nemo ta ka ajiye, in ba ita mai zai riƙa ɗiga maka a ƙafa.

5. Buɗe zobe da gilashi

Zoben ƙarfe mai sheƙi da ya riƙe gilashi yana da ƙananan kunnuwa ta baya. Ana murza shi ne har kunnuwan su zo daidai da tsagar da ke bakin gwangwanin, sai ya fito. Roban da ke ƙarƙashinsa ya daɗe da zama kamar kwalta, shi ke riƙe shi. Ajiye agogon a rana na ɗan lokaci ya yi ɗumi, sa safar roba, ka danna shi a tafin hannu ka murza. In ya ƙi, ɗaga kunnuwan kaɗan-kaɗan da ƙaramin sukundireba. Kaɗan na ce, domin sau biyu ko uku kawai suke jure lanƙwasa kafin su karye.

Kankare tsohon roban, wanke gilashi da ruwa da sabulu, ka bar shi ya bushe sarai. Zoben da ya yi ramuka-ramuka na tsatsa, gogewa ba za ta dawo da shi ba, sabo ya fi.

6. Fuska da allura

A nan aka fi yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Fararen lambobin da ke fuskar agogo ɗab'i ne siriri da ya shekara arba'in ko fiye yana shan rana. Fetur, tina, sifirit, ruwan goge gilashi, duk suna ɗauke shi a shafa ɗaya. Burushi mai taushi, a bushe, shi ne kawai. In akwai tabon da ya ƙi, ɗan jiƙa auduga da ruwa zalla, ka gwada a gefen da zobe ke rufewa, ka dangwala ba tare da gogawa ba. Ni a ganina fuskar da ta ɗan dafe amma ta asali ce ta fi wadda aka sake wa fenti kyau nesa ba kusa ba.

Ƙananan gejoji na lantarki, in gwaji ya nuna suna aiki, ka tsaya a nan: share, sauya roba, rufe. Ba ruwanka da allurarsu. In ta dushe, zura takarda a ƙarƙashinta ka shafa mata fenti siriri, domin fenti mai kauri yana ƙara mata nauyi.

7. Cikin maleji

Sukurori biyu ne a baya suka riƙe injin malejin, ka kwance su yana fitowa ta gaba. Yadda yake aiki: kebur yana juya maganaɗisu, maganaɗisun yana jan wani ɗan faifan alminiyam ba tare da sun taɓa juna ba, wani siririn sifirin kamar gashi kuma yana mayar da allura baya. Wannan sifirin, ko da auduga kar ka taɓa shi.

Kafin ka cire allura, ɗaga bakinta a hankali ka tsallakar da ita ƙusar da take jingina a kai, ka bari ta tsaya inda take so. A yawancin malejin Smiths za ka ga ɗan farin ɗigo a wurin. Nan za ka mayar da ita. In babu ɗigo, yi alama da tef a gefe kuma ka ɗauki hoto. Wanda ya manta da wannan zai haɗa maleji mai tsabta da ke ƙara ko rage gudu a kowane mataki.

Yanzu cokulan nan. Shimfiɗa kati a fuska, zura bakin cokali ɗaya ta dama ɗaya ta hagu a ƙarƙashin cibiyar allura, ka danna su tare daidai wa daida. Ta tashi tsaye. Ja ta gefe ɗaya yana lanƙwasa sandar, sandar kuma ba ta miƙuwa.

Cire fuska ka ajiye ta nesa, sannan ka juya inda kebur ke shiga da yatsa. Ya kamata ya juya ba gardama. In yana da tauri, tsohon giris ne ya daskare, kuma shi ke tsinka kebur bayan kebur. Wanke shi da ɗan kananzir a kan auduga, ka bi haƙoran da ke tura lambobin mil, waɗanda su ma girisinsu ne ke bushewa har lambobi su daina juyawa. Lambobin kansu kar kananzir ya taɓa su. Sa ɗigon man agogo a inda sanda ke juyawa, giris kaɗan a haƙora. Man feshi irin WD-40 ba nasa ba ne wurin nan, yana bazuwa ko'ina ya tara ƙura. Duba maganaɗisun da kyau, yana kwaso garin ƙarfe, kuma ƙwaya ɗaya tsakaninsa da faifan tana sa allura ta riƙa tsalle. In hannunka na rawa a irin wannan aiki, tsohon mai gyaran agogon hannu zai yi maka shi cikin sauƙi.

Gwada shi da injin huji mai batir da guntun tsohon kebur. In allura ba ta tashi ba, juya alkiblar injin. Lissafin mai sauƙi ne: malejin da aka rubuta wa 1000, in an juya shi sau 1000 a minti, mil 60 a awa zai nuna.

Kebur kuma, zaro zaren ciki, wanke shi, riƙe bakinsa biyu ya sauko kamar lilo, ka murza. In yana fizga, ya lanƙwashe, sai sabo. Shafa giris kaɗan, ka bar kamar santimita 20 na sama a bushe, domin zaren yana tura maiƙo sama zuwa cikin agogo. Idan ka tarar da man giya a cikin maleji, roban da ke bakin giyabos ne ya mutu. Sabon kebur kuma, auna abin da ya leƙo ta sama, kamar santimita 1 ya isa. Wanda ya fi haka tsawo yana tokare cikin agogo.

8. Agogon juyin inji

Na shekaru biyun farko da kebur yake aiki, bi da shi kamar maleji. Mai RVI, wutar kwayil ce ke ratsawa ta cikinsa ta farar waya, shi ya sa in ka bar wayar a zare mota ba za ta tashi ba. A wasu, farar wayar tana yin zagaye ɗaya ta cikin ɗan farin roba a bayan agogo. Alkiblar zagayen tana da muhimmanci, bi hotonka. Cutarsa ta tsufa ita ce ya riƙa nuna fiye da ƙima idan ya yi zafi. Ƙwararren mai gyaran rediyo zai sauya masa kafasitocin da suka gaji, ya daidaita shi da ɗan sukurun saiti na ciki, yana kwatantawa da mita mai ƙirga juyin inji.

Gargaɗi: RVI ba ya jituwa da yawancin na'urorin kunna wuta na zamani da ake sawa a madadin kwantak. In an sa wa motar irinsu, mafita ita ce a sauya cikin agogon zuwa tsarin RVC a bar fuskarsa yadda take.

9. Tagwayen geji

Tafasa ruwa a tukunya, sauke daga wuta, ka tsoma kwanon kaɗai. Allura ta hau kusa da 212 a ma'aunin Farenhait, wato 100 a na Salshiyas. A wuri mai tudu kamar Jos ruwa yana tafasa ne a wajen 96, kar ka ɗauka gejin ne ya gaza. In bai motsa ba sam, sinadarin ya tsere. Cika shi aikin masu sana'ar ne, kada ka kusance shi da wutar dalma.

Ɓangaren baƙin mai, kwatanta shi da wani geji da ka amince da shi. Lafiyayyen injin MGB da ya yi zafi yana ba da 50 zuwa 80 a ma'aunin psi a kan tafiya, 10 zuwa 25 a tsaye. Kada ka hura masa iskar kwamfuresa. Tiyon roba da ke haɗa bututun da inji, sauya shi ko da yana da kyan gani, domin in ya fashe a hanya, man inji zai ƙare kafin ka ankara.

10. Haske

Duhun agogunan nan yawanci ba laifin ƙwai ba ne. Cikin gwangwanin ne ya dafe ya daina mayar da haske. Goge tsatsa da samfefa mai laushi, shafa farin fenti, ka ba shi kwana biyu ya bushe, in ba haka ba tururinsa zai dusashe gilashi ta ciki. Ƙwan asali mai murɗi ne, volt 12, wat 2.2. Wanda ya fi shi ƙarfi yana narka robobin ciki. In za ka sa LED, nemi wanda ya dace da kan batir ɗin da ke jikin motarka. Jar fitilar caji kuwa, a motar da ke da altaneta, bar mata ƙwai na gargajiya, domin ta cikinsa wutar da ke tada cajin take bi.

11. Abin da zai ci

Robobi, ƙwayaye, gilashi da zobe su ne masu araha, kuma sau da yawa kuɗin aikowa da na kwastan ya fi kuɗin kayan. Don haka gama gwaji, rubuta duk abin da kake so, ka yi oda sau ɗaya daga dillalai irin su Moss ko Rimmer Bros. Sitabilaiza, kebur da ma'aunin tanki suna tsakiya. Sabon sitabilaiza na zamani yana kula da kan batir, faɗi irin motarka lokacin saye. Masu tsadar su ne tagwayen geji da gyaran maleji a wurin ƙwararru. Har yanzu ana ƙera agogunan Smiths a kamfanin Caerbont da ke yankin Wales, to sai dai fuskar sabo ba lallai ta yi daidai da ta sauran tsofaffin da ke gefenta ba.

12. Mayarwa da gwajin titi

Hura ƙura, sa sabon roba, rufe zobe. Mayar da ƙanana kafin manya, tagwayen geji a farko, bututunsa nesa da salansa da duk wani baki mai kaifi, ragowar tsawonsa a naɗe a ɗaure kusa da inji yadda girgiza ba za ta karya shi ba. Kankare kowane bakin baƙar waya har ya yi fari. Sitabilaiza na asali yana da gefen da aka rubuta TOP, ya kalli sama. Notoci da yatsa ake ɗaure su. Kebur ya bi hanya mai faɗin kwana.

Haɗa batir, kunna makulli ba tare da tada inji ba, ka jira allurar fetur ta hau. Tada inji, hannunka ɗaya a bayan gejin mai kana laluben ɗiga, idonka a kan allurarsa. In ba ta tashi cikin 'yan daƙiƙu ba, kashe. Sannan ka hau miƙaƙƙen titi da wani a gefe riƙe da waya mai nuna gudu ta GPS. Mil 60 daidai yake da kusan kilomita 97. Gwada a gudu uku daban-daban. In kuskuren iri ɗaya ne a duka ukun, misali ƙarin mil 5 ko'ina, allura ce ba ta zauna daidai ba, cire ta ka gyara mata zama. In kuskuren yana ƙaruwa da ƙaruwar gudu, duba lambobin mil: in su ma sun kauce, girman taya ne ko lambar fuskar malejin ba ta dace da giyabos ba. In lambobin mil daidai suke, allura ce kaɗai ke baya, maganaɗisu ne ya raunana, sai a kai wa mai saita maleji.